Sharhi: Rikicin Kan Iyaka Da Tukunyar Talaka

Idan mai karatu bai manta ba, a ranar 26 ga watan Yulin 2023 ne sojoji suka hamɓarar da gwamnatin Shugaba Mohamed Bazoum a Jamhuriyar Nijar. Bayan kwana huɗu, shugabannin ƙungiyar ECOWAS suka zauna a Abuja suka ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi. Aka rufe kan iyaka, aka kuma katse wutar lantarkin da Nijeriya ke tura mata.

A birane ana kallon lamarin a matsayin siyasar ƙasa da ƙasa, amma a karkara mun san inda ya sauka. Jihohi bakwai ne suka yi iyaka da Nijar: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Kasuwannin Jibiya da Illela da Maigatari sun rayu ne da shigowar dabbobi da wake daga ƙetare, da fitar hatsi da kayan masarufi. Da hanya ta toshe, sai direba da ɗan dako da dillalin kara da mai sayar da abinci a tasha suka wayi gari babu abin yi. Wannan kuwa ya zo ne watanni biyu kacal bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, lokacin da kuɗin mota ya riga ya tashi.

Daga kasuwa matsin ya shiga gida. Magidancin da bai samo ba, da wuya ya cika cefane, kuma daga nan ƙananan saɓani ke tasowa tsakanin miji da mata. Ga kuma zumunci: gida nawa ne a Katsina ba su da dangi a Maraɗi? Biki da suna da ta'aziyya duk sun gamu da cikas.

Abin lura shi ne yadda aka kauce wa yaƙi. Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan amfani da ƙarfin soja. Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi sun je Yamai, haka ma tawagar malamai. A watan Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, a watan Maris kuma aka buɗe iyaka. Sai dai a watan Janairun 2025 ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata.

Wannan ne ya sa nauyi ya ƙaru a wuyan shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai da dagatai. Wajibi ne su riƙa tuntuɓar takwarorinsu na ƙetare, su sasanta rikicin kasuwa da na makiyaya tun yana ƙarami, su kuma sanar da gwamnati halin da talakawa ke ciki kafin a yanke hukunci. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma a baki ɗaya suke kwana.

Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.