YANKAN TUMBI: BABBAN AIKIN YANA BAYAN AN DAWO GIDA

Duk wanda ya bi titunan Nassarawa GRA da sassafe, ta Ahmadu Bello Way ko Sultan Road, zai ga abin da a da ba a saba gani ba a Kano: manyan Alhazai sanye da takalman gudu suna tattaki, gumi na zuba. Galibinsu likita ne ya tsorata su da sakamakon awon suga ko na hawan jini. A cikin irin waɗannan gidaje ne ake jin an ce wane ya tafi Masar ko Indiya ko Turkiyya an rage masa tumbi, sai a gan shi bayan wata shida ya zabge kamar ba shi ba. Mutane su yi ta mamaki, wasu su ce kuɗi sun yi rana, wasu kuma su koma gefe suna tsegumin ko wata muguwar cuta ce. Dukkansu ba su fahimci al'amarin ba. Kuma da yake matashin gida shi ne ake turawa rakiya asibiti, shi ne mai sayo magani, shi ne mai zaman jinya, to wajibi ne 'yan uwa matasa su san abin da ke tafe.

Da farko a rarrabe abubuwa biyu da jama'a ke cakuɗawa. Akwai tiyatar gyaran jiki, wato tsotse kitse ko yanke teɓa, wadda ba ta taɓa kayan ciki. Irinta ce aka yi wa uwargidan shugaban ƙasa, Stella Obasanjo, a ƙasar Spain, inda ta rasu a ranar 23 ga Oktoba, 2005, har wata kotu a can ta hukunta likitan a 2009. Sannan akwai tiyatar rage ƙiba, wadda magani ce ga mai cuta. A nau'i ɗaya ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a cire shi, a bar abin da bai wuce siffar ayaba ba. A ɗaya nau'in kuma ana ware 'yar jaka kamar girman ƙwai a saman tumbin, a haɗa ta da ƙaramin hanji, abinci ya riƙa tsallake sauran. Wani likita Ba'amurke, Edward Mason, shi ya fara wannan na biyun a Jami'ar Iowa a wajejen 1966. Aikin yana rage wurin da abinci zai zauna, yana kuma rage sinadarin da ke sa mutum jin yunwa.

Ba kowane mai tumbi ake yi wa ba. Likitoci suna raba nauyin mutum a kilo da tsayinsa a mita, su sake rabawa da tsayin. Mutum mai tsayin mita 1.70 da nauyin kilo 120 zai tashi da kusan 41 da rabi. Tun 1991 ƙa'idar Amurka ita ce sai wanda ya kai 40, ko 35 idan yana da cuta irin suga. A 2022 ƙungiyoyin likitocin fannin suka sassauto da ita zuwa 35, ko 30 ga mai suga. Amfanin aikin kuwa tabbatacce ne. A ƙasar Sweden an fara bin diddigin mutane sama da 4,000 tun 1987, sakamakon da aka fitar a 2007 ya nuna mace-mace ta ragu da kusan kashi 29 cikin 100 a tsakanin waɗanda aka yi wa tiyatar. Da yawa suga ya lafa musu, gwiwa ta huta, wanda ya shekara yana sallah a kan kujera ya koma yana kai goshi ƙasa. Saboda haka mai cewa wannan almubazzaranci ne na masu kuɗi, ko canja halittar Allah, bai yi adalci ba. Neman magani ne.

To amma inda gizo ke saƙar shi ne, mutanen nan suna biyan miliyoyi a yi aikin sa'a biyu, sannan su dawo gidan da ba wanda ya san abin da za a yi da su. Makonni biyun farko ruwa-ruwa ne kawai, romo da madara da makamantansu, kurɓi-kurɓi. Daga nan sai abin da aka dama ko aka niƙa, sai mai laushi, sai an kai wajen wata biyu kafin a koma abinci sosai, shi ma 'yan lomomi. Mutumin da a da yake tashi da malmala uku, yanzu rabin kofi ya ishe shi. A wannan ɗan wurin dole a fara da abin da ke gina jiki: ƙwai, kifi, nono, alale, naman kaza, domin yana bukatar aƙalla giram 60 na sinadarin gina jiki a kullum. Tuwo da shinkafa da gurasa su zo daga baya in wuri ya rage. Ba a haɗa ci da sha, sai an ba da tazarar kamar rabin sa'a, alhali kuma a zafin Kano yana bukatar ruwa lita ɗaya da rabi ko fiye, a hankali, yini guda.

A nan ne karamcin Bahaushe yake zama haɗari. 'Yan dubiya za su cika falo da kuloli, wannan ta kawo farfesu, wancan ya kawo tsire da lemon kwalba. Hajiya ta ga maigida ya rame ta shiga damuwa, ta ce a ƙara ko loma biyu. Wanda aka yi wa haɗin hanji idan ya sha abu mai zaƙi, zoɓo ne ko shayi mai kauri, nan take zai iya jin jiri, zuciya ta riƙa bugawa, gumi ya karyo, gudawa ta biyo. Ɗan da ya tsaya a bakin ƙofa ya ce wa Baba, cikin ladabi, likita ya hana, ya fi wanda ya miƙa kwano don gudun ɓacin rai biyayya.

Sai maganar magunguna, wadda ita ce aka fi sakaci da ita. Wanda aka rage wa tumbi zai sha ƙwayoyin bitamin har ƙarshen rayuwarsa: B12, sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, kalsiyam da bitamin D, tare da awon jini a kai a kai. Idan ya bari don ya ga ya warke, ƙarancin jini da mutuwar ƙafafu da raunin ƙashi suna nan suna jiransa. Idan amai ya ƙi tsayawa, ƙarancin bitamin B1 kan iya taɓa ƙwaƙwalwa cikin makonni. Haka nan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake saye a kemis kamar gyaɗa, suna iya huda masa ciki da gyambo. Yaron da aka aika kemis ya kamata ya san wannan. Zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, ko ciwon ciki mai tsanani a makonnin farko alama ce ta ɗinkin yana yoyo. Ba a jiran gari ya waye, ba a kuma jiran likitan Alƙahira ya amsa waya. Asibitin Muhammad Abdullahi Wase yana nan cikin Nassarawa, na Malam Aminu Kano yana kan titin Zariya. Hankali shi ne tun kafin a hau jirgi a sami likita a gida wanda zai karɓi jinyar, a kuma dawo da cikakken rahoton irin aikin da aka yi.

Azumi ma sai an yi magana a kansa, domin a nan tsoron bakin mutane yake sa wasu ganganci. Likitocin fannin suna ba da shawarar a jinkirta azumi na wata shida zuwa shekara bayan aikin, saboda wanda ba ya iya shan kofi guda a tashi ɗaya ba zai iya rama ruwan yini tsakanin buɗa-baki da sahur ba. Suratul Baƙara ta yi wa marar lafiya rangwamen ramawa daga baya. Wanda ya karɓi sauƙin da Ubangijinsa Ya ba shi bai yi laifi ba, mai yi masa gori shi ne ya kamata ya binciki kansa.

Sannan kada a ɗauka an rabu da ƙiba har abada. Matasa sun san Diego Maradona. An yi masa wannan aikin a ƙasar Kolombiya a 2005, ya zubar da kusan kilo 50, duniya ta yi ta mamaki. Shekara goma bayan nan, a 2015, sai da aka sake kwantar da shi a Benezuwela aka yi masa na biyu. Tumbi yana buɗewa, tsohon hali yana dawowa, wuƙar likita kuwa ba ta yanke kwaɗayi. Akwai kuma zubewar gashi a watannin farko, da fata mai reto, da tsakuwa a maɗaciya, da ƙuncin rai na wanda ya saba abinci shi ne hutunsa. Irin wannan mutum abokin tattaki yake bukata, ba mai yi masa ba'a a majalisa ba.

Daga ƙarshe, ɗan uwa matashi ya dubi kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba mai cutarwa. Al'adar da ke kallon teɓa a matsayin shaidar arziki, har wasu suna shan "sha ka fashe" don a ce sun samu, ita ce ke kai iyaye ɗakin tiyata a yau. Koyarwar Manzon Allah (S) ta raba ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi ba ta bukatar biza ko dala. Wanda ya riƙe ta yana ɗan shekara 20, da wuya a tilasta masa ita da wuƙa yana ɗan 50.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri.