Bikin Biyar ga Mayu da Masu Haƙƙinsa

A ranar 5 ga watan Mayu na kowace shekara, ko kuwa a ƙarshen makon da ya fi kusa da ita, unguwannin mutanen Meksiko da ke zaune a biranen Amurka, tun daga gabashin Los Anjalis har zuwa San Antoniyo da Shikago, sukan wayi gari cikin ado, a rataya tutoci masu launin kore da fari da ja, a kafa rumfunan abinci, makaɗa su fito da manyan malafunsu, 'yan mata su yi rawa da fatarinsu masu faɗi, tsofaffi kuwa su zauna a inuwa suna kallon jikokinsu. Wannan shi ne bikin da suke kira Cinco de Mayo. Ra'ayina game da shi, wanda zan yi ƙoƙarin kafa masa hujja, shi ne cewa biki ne na talakawa masu tarihi mai daraja, wanda 'yan kasuwar giya suka yi wa kutse har suka kusa raba shi da asalinsa.

Jama'a da yawa, har a cikin Amurkawa, suna zaton ranar samun 'yancin Meksiko ce, alhali kuwa wannan tana zuwa ne a 16 ga Satumba. Abin da ya faru a 5 ga Mayu yaƙi ne. A shekarar 1861, bayan yaƙin basasa ya ƙarar da baitulmalin ƙasar, shugaba Benito Juarez, wanda ɗan ƙabilar Zapotek ne da ya tashi maraya a ƙauye, ya dakatar da biyan bashin ƙasashen waje na shekara biyu. Sai Ingila da Sifaniya da Faransa suka aiko da jiragen yaƙi gaɓar Veracruz don karɓar haƙƙinsu. Biyun farko suka yi sulhu suka koma gida, amma Nafoliyon na Uku, sarkin Faransa, da yake bashin hujja ce kawai a wurinsa, muradinsa kuwa shi ne kafa daula a nahiyar Amurka, sai ya umarci rundunarsa ta nausa zuwa babban birni. A ranar 5 ga Mayun 1862, mayaƙan Faransa kimanin 6,000, waɗanda duniya ke ganin babu kamarsu a wancan zamani, suka auka wa ganuwoyin Loreto da Guadalupe a birnin Puebla har sau uku, suna hawan tudu cikin wuta, kuma sau ukun Janar Ignacio Zaragoza, da mutanensa da ba su kai su yawa ko makami ba, suka mayar da su, har ruwan sama ya sauko da la'asar, Faransawa suka janye da asarar ɗaruruwan mutane.

Nasarar ba ta daɗe ba. Zaragoza ya rasu da zazzaɓin taifot a watan Satumba na wannan shekara yana da shekara 33, Faransawa suka komo da ƙarfi suka ci Puebla a 1863, suka naɗa Maksimiliyan ɗan gidan sarautar Ostiriya sarki, bai kuwa sauka ba sai a 1867 da aka kama shi aka harbe. Kuma abin da zai ba mai karatu mamaki, cikin waɗanda Faransa ta yi yaƙin da su akwai wata bataliya ta kimanin mutum 450, akasarinsu 'yan Sudan, wadda Sa'idu Basha na Masar ya ba Nafoliyon aro a farkon 1863, domin cutar shawara tana ƙarar da Turawa a ƙasar gaɓa. Bayin Allah da aka ɗauko daga bakin Nilu aka kai su mutu a rikicin da ba su san mafarinsa ba.

To, me ya sa bikin ya fi ƙarfi a Amurka fiye da Meksiko kanta, inda in ban da jihar Puebla ba a cika damuwa da ranar ba? Dalili yana cikin tarihi. A yarjejeniyar 1848 Meksiko ta rasa kusan rabin ƙasarta, har da Kaliforniya, mutanen da ke zaune a wurin kuwa suka kwana 'yan ƙasa suka tashi baƙi a gonakin iyayensu. Lokacin da labarin Puebla ya iske su, Amurka tana cikin yaƙin basasarta a kan bauta, Nafoliyon yana karkata ga masu riƙon bayi na kudu, Meksiko kuwa ta riga ta haramta bauta tun 1829. Saboda haka masu haƙar zinariya da leburori suka kafa ƙungiyoyi suna tara kuɗi suna aika wa Juarez, kuma tun 1863 suka fara raya wannan rana da jawabai da jerin gwano. Bayan shekara ɗari, matasan da suka tashi neman haƙƙin al'ummarsu a makarantu da gonakin inabi suka sake ɗaga ta. Isnadin bikin ke nan, kuma ingantacce ne, daga raunana zuwa raunana.

Abinci shi ne ya fi kowa riƙon wannan amana. Masarar da muke tuwo da ita, a kudancin Meksiko aka fara nomanta kimanin shekara 9,000 da suka wuce, kuma matan ƙasar, tun kafin Bature ya taka ta, suka gano hikimar dafa ƙwayar da ruwan farar ƙasa ko toka kafin a niƙa, abin da ke sa jiki ya amfana da sinadarin da ke ɓoye a cikinta; al'ummun da suka karɓi masara ba tare da wannan ilmi ba, kamar talakawan arewacin Italiya, sun sha fama da wata cuta mai lalata fata da hankali. Da wannan ƙullu ake yin tortilla, da shi ake yin tamales, waɗanda ake naɗewa a ɓawon masara a turara kamar yadda muke yi wa alala. Sai kuma miyar Puebla, mole, wadda ake haɗa barkono iri-iri da riɗi da koko da kayan yaji masu yawa, a soya kowanne daban, a niƙa, a yi ta juyawa a kan wuta tsawon yini, sa'annan a zuba a kan naman talotalo ko kaza. Irin wannan miya ba a koyonta a takarda, sai 'ya ta tsaya kusa da uwa. Jan abin shan da ake kurɓa a kanta kuwa zoɓo ne, kuma Meksiko tana cikin manyan masu sayen busasshen zoɓon da manomanmu na Jigawa da Kano suke nomawa. A 2010 hukumar UNESCO ta sanya girkin gargajiya na Meksiko cikin gadon bil'adama, shekara guda bayan haka ta ƙara da kiɗan mariachi na jihar Jalisco, mai goge da ƙahonnin tagulla.

Daga shekarun 1980 kamfanonin giya suka lura cewa akwai al'umma mai yawa, wadda a yau ta haura mutum miliyan 35, kuma tana da rana, sai suka zuba dukiya wajen talla har suka mayar da ita, a idon sauran Amurkawa, ranar maye da sanya malafa da gashin baki na ƙarya. Ba don addinina ya haramta giya kaɗai nake ƙyamar wannan ba. Dattawa da malaman al'ummar da kansu sun daɗe suna kuka a kai, domin izgili ne a ɗauki tufafin mutum a yi wasa da su a ranar da yake tuna waɗanda suka mutu suna kare ƙasarsa. Na san mai rumfar abinci yana bukatar ciniki, masu shirya biki suna bukatar mai ɗaukar nauyi, ban kuma ga aibu ba ga baƙo ya zo ya ci ya saurari kiɗa, ai don haka aka fito da bikin fili. Amma wanda ya biya kuɗin dandamali bai kamata ya zama shi ne mai faɗin ma'anar ranar ba.

A shekarar 2025 masu shirya jerin gwanon Shikago suka soke shi, haka ma masu bikin mutanen Puebla a Filadelfiya, saboda tsoron kada jami'an shige da fice su yi amfani da taron su kama mutane. Mashaya dai sun buɗe ƙofofinsu a daren 5 ga Mayu kamar kullum, waɗanda tsoro ya tsare a gida kuwa su ne masu dafa miyar da masu busa ƙahon da 'ya'yansu, kuma wannan zalunci ne da ya cancanci a kira shi da sunansa.