Shekarar da Kogi Ya Cinye Wasan Ƙwallo a Auyo

Duk wanda ya zauna ƙasar Haɗejiya ya san abin da daminar 2022 ta yi. Kogi ya cika ya batse, ya shiga garuruwan Auyo da Kafin Hausa, ya cinye gonaki, ya rushe gidaje. An yi ta ƙirga hasarar hatsi da ta dukiya, wannan kuwa daidai ne. Amma akwai wata hasara da ba ta shiga lissafi ba, watau wasan ƙwallon makarantu na wannan shekara. A kanta mu ke so mu ja hankalin malaman makaranta da ma'aikatan ƙananan hukumomi.

Ga yadda abin ya ke. Yara su kan dawo daga dogon hutu a watan Satumba, a lokacin ne malamin wasanni ya kan zaɓi 'yan wasansa. Agusta da Satumba kuwa su ne watannin cikar kogi. A 2022 filaye sun zama tafki, hanyoyi sun yanke, waɗansu ƙauyuka sai da kwalekwale, azuzuwa kuma suka zama masaukin waɗanda ruwa ya kora. Kafin ƙasa ta bushe, zango ya yi nisa, jarrabawa ta ƙarato.

Kada a ce tsautsayin shekara guda ne, gama an ga irinsa a 2018 da 2020. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, kogin ba ya ƙafewa da rani kamar dā. Wannan ya ba kachala damar yaɗuwa, ita da yashi suka toshe hanyoyin ruwa. In ruwa ya yi yawa ba shi da mafita sai gari. Saboda haka wanda ya sa gasa a watan Satumba a ƙasar Auyo, ya yanke shawara bai tambayi kogi ba.

Watakila wani ya ce, ana ta abinci wa ke ta ƙwallo? To, a tuna Kwalejin Katsina ba ta raba karatu da wasa ba. Can Sardauna Ahmadu Bello ya koyi ƙwallon nan da a ke bugawa da hannu a jikin bango, har ya zama Firimiya bai bar shi ba. A 1985 kuma yaran Nijeriya suka ciwo kofin duniya na 'yan shekara 16 a ƙasar Sin, suka ci Jamus ta Yamma 2 da nema. A fili yaro ya kan koyi bin doka, da jin maganar alƙali, da haƙuri in an cinye shi. Sa'an nan wanda ruwa ya kwashe gonar ubansa, zuciyarsa na wajen cin rani. Ƙwallo na cikin abubuwan da za su riƙe shi a aji.

Shawararmu uku ce. Ta fari, a mai da gasar makarantun fadama tsakanin Nuwamba da Fabrairu, bayan kaka, kafin zafin bazara. Ta biyu, kowace ƙaramar hukuma ta keɓe fili guda a kan tudu, a kuma roƙi Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da Kwalejin Binyaminu Usman ta Haɗejiya su taimaka da masu horad da yara. Ta uku, a ɗora wa akawu guda alhakin rubuta sunayen 'yan wasa da sakamakon kowace karawa, don in shekara ta wuce ba a buga ba, littafi ya nuna.

Ba mu da iko da ruwan sama, amma tsarin gasa a hannunmu ya ke. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyashe mu ambaliya, ya ba yaranmu albarka, amin.