Zaɓen Malami Kafin Zaɓen Jami'a

Jamusawa suna kiran malamin da ke duba aikin digiri na uku "uban digiri", kuma ba su yi ƙarya ba. A Amurka ɗalibin nazarin kasuwanci yakan shafe kimanin shekara 2 yana ɗaukar darussa kafin ya zaɓi nasa. A Ingila kuwa, sau da yawa tun a wasiƙar farko ake ɗaura auren. A nan ɗalibai ke tuntuɓe, suna bin suna, alhali ba girin-girin ba, ta yi mai. Shehun malamin da bankuna ke rububinsa, babi guda sai ya yi watanni a teburinsa. Gara ɗalibi ya karanta maƙalunsa na baya-bayan nan, sa'an nan ya tambayi tsofaffin ɗalibansa shekara nawa suka yi kafin su kammala.