'Yan Kallo, A Bari Labari Ya Nuna Mana

Yau wata magana ce na zo da ita wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato irin surutun da ke biyo bayan kowane kashi na wasannin kwaikwayon nan masu dogon zango da ake nuna mana mako-mako a talabijin bayan sallar isha'i.

Kowa ya san tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kuma fito da Daɗin Kowa a 2015, dare ya sake kama a gidajenmu. Kwana Casa'in ya zo a 2019, sai Labarina na Malam Aminu Saira ya biyo baya a 2020, ya mallake daren Juma'a. Ana idar da sallah za a shimfiɗa tabarma, idan babu wuta a tayar da janareto, maigida da uwargida da amarya da yara har da 'yar aiki kowa ya nemi wuri. Mu da muka taso muna leƙen Samanja da Karkuzu ta tagar maƙwabta mun san daɗin irin wannan zama. Sai dai waɗancan galibi kowane mako da labarinsa, a yi dariya a watse. Na yanzu kuwa da gangan ake yanke su a daidai inda zuciya ta tsinke, a bar mutum da kwana bakwai yana saƙa da warwara.

To a cikin kwana bakwai ɗin nan ne ake shari'a. A gidan kitso, a cikin Adaidaita Sahu, a teburin mai shayi, a gidan biki, har da Facebook, kowa ya zama alƙali. Kuma ni ban ga laifin wannan ba ko kaɗan, domin duk marubucin da ya yi labari mutane suka kwana ba su yi gardama a kansa ba, to ya yi aikin banza. Har ma akwai wani amfani da na lura da shi wanda ba kasafai ake faɗa ba. Macen da ba ta isa ta dubi mijinta ta ce ba ya adalci ba, sai ta jira a nuno wani Alhaji yana fifita amarya, ta ɗaga murya ta ce, "Kai, wannan mutum Allah Ya shirye shi, ko kunya ba ya ji!" Maigida yana gefe yana danna waya, amma ya ji, kuma ya san inda aka nufa. Suruka ma haka, ta ga irin halinta a jikin wata, ta yi tsaki ta ce fim ɗin ba shi da ma'ana. Abin da kunya ta hana mu faɗa wa juna ido da ido, sai mu ɗora wa Adamar Kamaye ta faɗa mana. Wannan habaici na gaban talabijin ya gyara zaman gidaje da yawa ba tare da an kira waliyyai ba.

Inda nake da ja shi ne gaggawa. Da an nuno azzalumi ya yi mako 3 yana cin karensa babu babbaka, sai ka ji an fara: "Wai yaushe za a tona asirin matar nan? Wane darasi ake koya wa yaranmu? An mayar da mugunta ado." Jama'a, labarin fa bai ƙare ba. Ku ɗauki littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990. Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta 9 saboda sabuwar mata, kuma sai can wajen ƙarshe ne gobara ta cinye masa dukiya a kasuwa. Da a ce mako-mako ake nuna shi, 'yan kallonmu na yau za su tilasta a kunna gobarar nan tun a kashi na 3. Da an yi hakan kuwa, yaushe za mu ga Rabi tana sayar da abinci tana riƙe 'ya'yanta? Yaushe za mu ji ɗacin da zai sa gobarar ta yi mana ma'ana? Wahalar Rabi ita ce littafin, gobarar hatimi ce kawai. A rayuwa ma wa ya taɓa ganin alhaki yana fita duk ranar Juma'a da ƙarfe 8?

Mu marubutan da ake kira na adabin kasuwar Kano mun san wannan matsi tun kafin a zo nan. Littattafanmu kashi-kashi suke fita, na 1, na 2, na 3, kuma muna sa adireshi a bango, wasiƙu su yi ta zuwa daga Sakkwato, daga Maraɗi, har daga Kumasi. Wata ta roƙe ki kada ki raba masoyan, wata ta ce idan ba ki haukata kishiyar ba ta daina sayen littafinki. Akwai wani mai shagon littattafai da ya taɓa riƙe mini kuɗin littafi na 1, ya ce sai na yi masa alƙawarin kashe uwar mijin a na 2, wai haka mata ke so. Na ƙi, na kai wa wani. Amma mu muna da abin da ya cece mu, wato lokaci. Kafin wasiƙa ta iso akwatin gidan waya, kafin a tara kuɗin takarda a kai maɗaba'a, an yi wata 4 ko 5, zuciyar mai karatu ta huce, ke ma kin riga kin rubuta abin da kika yi niyya.

Marubucin shiri mai dogon zango ba shi da wannan rata. Kafin gari ya waye ya ji duk abin da aka ce, furodusa ya ga adadin waɗanda suka kalla a YouTube, masu talla su ma sun gani. Idan ana cikin ɗaukar zango na gaba, to sai a kira shi a ce wane ya karɓu, a ƙara masa fitowa, wance kuma an tsane ta da yawa, a sassauta mata. Ta haka ne za ka ga mugu ya wayi gari ya tuba babu wani dalili, ko ɗan rakiyar da aka sa don ban dariya ya danne masu labarin, ko labarin da ya kamata ya ƙare a kashi 26 a yi ta jansa kamar ƙosai a bakin marar haƙori. Su kuma waɗanda suka jawo hakan da surutunsu su ne farkon masu cewa shirin ya lalace.

Abin yana taɓa ni ne domin masu wannan aiki namu ne, daga cikinmu suka fita. Kamaye na Daɗin Kowa ai Ɗan'azumi Baba Cheɗiyar 'Yan Gurasa ne, tsohon marubucin ƙungiyar Raina Kama. Malam Adamu na Kwana Casa'in kuwa Ado Ahmad Gidan Dabino ne, mai In Da So Da Ƙauna. Cikin waɗanda suka riƙe alƙalamin Daɗin Kowa akwai Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih, duka marubutan littafi ne kafin su shiga talabijin. Waɗannan mutane sun san yadda ake ƙulla zare a warware shi, ba sai an koya musu a bakin titi ba.

Amma fa kada a ce na tsaya wa 'yan'uwana ido rufe. Akwai ƙorafin da mai kallo yake da cikakkiyar gaskiya a kansa. Lokacin da Nuhu Abdullahi ya bar Labarina aka kashe Mahmud, daga baya kuma Nafisa Abdullahi ta bari aka kawo Fati Washa ta zama Sumayya, mutane sun yi ta kumfar baki, kuma ni ban ga laifinsu ba. Mutum ya yi watanni yana tausayin fuska ɗaya, ya saba da muryarta da irin kukanta, rana ɗaya a ce masa ga wata, ita ce waccan. Wannan canji ba daga cikin labari ya tsiro ba, daga waje ya faɗo masa. Fati Washa ta yi iya ƙoƙarinta, kuma masu rantsuwar sun daina kallo yawancinsu Juma'a na zagayowa suna gaban akwati, amma duk da haka darasi ne ga masu shiryawa: a ƙulla yarjejeniya mai ƙarfi da 'yan wasa kafin a sa jama'a su kamu da son su. Haka nan wanda ya ce an cika maimaita abin da ya wuce, ko talla ta fi labarin yawa, ko an ba likita magana irin wadda ko ɗan kemis ba zai faɗa ba, wannan gyara ne, a karɓa da hannu biyu.

Wanda ba gyara ba shi ne a ce don me mugu yake mugunta. Rabi'u Rikadawa ya fito a Baba Ɗan Audu ya sa mutane suna cizon yatsa don haushi, to ai nan ne ya ci kuɗinsa. Maza dai da sauƙi, a yi musu ba'a a wuce. Matan da ke fitowa a matsayin muguwar kishiya ko fitinanniyar suruka su ne abin tausayi, domin akwai masu kallon da har yau ba sa raba wasa da mai wasa. A zagi mace, a zagi iyayenta, a ce ai halinta ne na gaske shi ya sa ta iya. Ita kuwa tana da 'ya'ya a makaranta, tana da dangin miji, ko tana jiran manemi. Idan aka ci gaba a haka, wace 'yar mutunci ce za ta yarda ta karɓi irin wannan fitowa? Sai a wayi gari kowa a shirin salihi ne, mu zauna muna kallon mutanen kirki suna gaisawa har minti 45.

Sannan akwai kalmar nan da ake saurin jefawa, "ɓata tarbiyya". Mu marubuta mun san nauyinta, domin da ita aka tara littattafai aka cinna musu wuta a Kano a 2007, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. A watan Mayun 2025 kuma Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta dakatar da shirye-shirye 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin cewa ba a kai mata su ta duba kafin a sake su ba. Bin doka wajibi ne, ba ni da ta cewa a nan. Abin da nake tsoro shi ne mu da kanmu mu riƙa kiran a rufe shiri saboda kashi ɗaya ya ɓata mana rai. Sakin aure barkatai, da shaye-shayen matasa, da yaron da aka tura bara, da uban da ya bar wa mace ciyar da gida, ba marubuci ne ya ƙirƙiro su ba, a unguwanninmu ya tsince su. Idan akwai shigar banza ko kalmar batsa, a nuna ta da yatsa a ce ga ta, a cire. Amma a ce kada a nuno matsalar kwata-kwata, wannan neman a rufe mana madubi ne.

Roƙona ga masu shiryawa shi ne kada a kunna kyamara sai an rubuta zango gaba ɗayansa, an san wanda zai mutu da wanda zai tuba da ranar da asiri zai tonu, a sa a takarda a rufe. Bayan nan a saurari jama'a a kan sauti da hoto da tsawon talla da kurakuran aiki, amma makomar Sumayya ko ta Adama kada a kai ta teburin mai shayi a yi mata ƙuri'a. Ku kuma 'yan'uwana mata da muke haɗuwa a gidan kitso ranar Asabar da safe, a ci gaba da gardama, a yi ta hasashen abin da zai faru, har a sa goro a kai idan an ga dama. Hukuncin cewa shiri ya lalace ko ya koyar da ɓarna ne kawai nake so a riƙe, sai an nuna kashi na 13 an rufe zangon.