Tubar da Ba Ta Kai Ƙofar Mai Haƙƙi Ba

Sharhinmu na yau daga Gyallesu yake zuwa muku, nan Zariya, a kan tuba da biyayya kamar yadda annabawan Littafi Mai Tsarki suka koyar.

Akwai wani labari a littafin Annabi Irmiya, sura ta 34, wanda ba a cika jin sa a wa'azin Lahadi ba. Sojojin Nebukadnezzar sarkin Babila sun yi wa Urushalima ƙawanya, ba shiga ba fita. Da wuya ta yi wuya, sai Sarki Zadakiya da manyan gari suka tuna da wata doka ta Musa da suka daɗe da yin watsi da ita: duk Ba'ibranen da talauci ya jefa cikin bauta, in ya yi shekara 6, a ta bakwai a sake shi. Suka taru a Haikali, suka yanka maraƙi, suka raba shi biyu, suka ratsa ta tsakani, wato rantsuwa mafi nauyi a zamaninsu. Kowa ya koma gida ya sallami bayinsa, maza da mata.

Ana nan sai ga labari, wai rundunar Fir'auna ta taso daga Masar. Mutanen Babila suka janye don su tare ta. Gari ya sami sararin numfashi. To, me kuke tsammani manyan nan suka yi? Bin bayin suka yi ɗaya bayan ɗaya, suka kamo su, suka mayar da su bakin aiki. Irmiya ya kawo musu saƙo mai ɗaci: tun da sun hana 'yan'uwansu saki, su ma za a sake su, amma ga takobi da annoba da yunwa. Sojojin Babila suka dawo. Wajen shekara ta 587 kafin haihuwar Almasihu birnin ya faɗi, aka ƙone Haikali, aka yanka 'ya'yan Zadakiya a kan idonsa a Ribla, sannan aka ƙwaƙule idanun.

Tubar muzuru ke nan, kaza a baki. Amma kada mu yi gaggawar yi wa Zadakiya dariya. Wanda ya taɓa jinyar ɗansa a asibitin Shika ya san irin alkawuran da baki ke yi wa Allah da tsakar dare. Ɗaliban Kongo da na Kwalejin Ilimi da ke zaune a ɗakunan haya na unguwar nan sun san yadda addu'ar asuba ke cika makil a makon jarrabawa. Ba laifi ba ne mutum ya nemi Allah cikin tsanani. Wa kuma zai nema? Abin dubawa shi ne abin da ya rage bayan an sallamo yaro, bayan an kafe sakamako.

Ku lura kuma da abin da Allah ya auna a Urushalima. Bai ce maraƙin ya rame ba, bai ce hawayen sun yi kaɗan ba. Bayin ya duba, ko suna gidajensu ko suna gidan ubangidansu. Nan ne annabawa suka sha bamban da yawancin wa'azin da muke ji yanzu. Mu mun mayar da tuba sha'anin zuciya kaɗai: a fito gaba, a durƙusa, fasto ya ɗora hannu, a koma kujera da sanyin rai. Su kuwa, a wurinsu hanyar zuwa ga Allah ta ƙofar wanda ka cuta take bi.

Ku ɗauki sarakuna biyu na farko a Isra'ila. An aiki Saul yaƙi da Amalekawa, aka ce kada ya taɓa ganima. Ya dawo da Sarki Agag a raye, da zaɓaɓɓun tumaki da shanu. Da Annabi Sama'ila ya iso Gilgal, Saul ya tarye shi da fara'a yana cewa ya cika umurni, alhali kukan tumaki na tashi a bayansa. Aka matsa, ya ce ai mutanensa ne. Aka ƙara matsawa, ya ce ai don hadaya aka kawo su. Sama'ila ya fahimtar da shi cewa ba dabbar yanka aka aike shi nema ba, jin magana aka nema gare shi. A ƙarshe ya amsa laifi, amma da roƙo a haɗe: annabi ya rufa masa asiri gaban dattawa. Damuwarsa duka kada girma ya faɗi.

Irin Saul ba su ƙare ba. Mutum ya karɓi kwangilar rijiyar burtsatse, ya cinye kuɗin, ƙauye na shan ruwan tafki, shi kuma ya cire ushiri ya kai coci. Ranar godiyar kaka a ba shi kujerar gaba. Ikilisiyar da ta karɓi baikon nan tana sane, ta yi shiru don ana rufin kwano, ita ma sai ta binciki kanta.

Dawuda kuwa, laifinsa ya fi na Saul muni nesa ba kusa ba. Na san maƙwabtanmu Musulmi ba su karɓi wannan labari a kan Annabi Dawuda ba, ina faɗin sa ne yadda yake a Littafi Mai Tsarki. Ya ɗauki matar sojansa Uriya Bahitte, sannan ya rubuta wa sarkin yaƙinsa Yowab ya ajiye mutumin inda yaƙi ya fi zafi, ya kuma ba Uriya takardar ya kai da hannunsa. Annabi Natan ya zo masa da ƙarar wani attajiri da ya ƙwace 'yar tunkiya tilo ta maƙwabcinsa talaka ya yanka wa baƙo. Dawuda ya fusata, ya yanke hukunci a biya riɓi huɗu. Sai Natan ya shaida masa cewa a kan kansa ya yanke. Sarki ne, yana da ikon sa a fille kan annabin nan take. Bai yi ba, bai kawo uzuri ko ɗaya ba, ya amsa. Aka gafarta masa. Amma jaririn ya mutu, fitina kuma ba ta bar gidansa ba, har ɗansa Absalom ya kore shi daga gadon sarauta. Gafara ta dawo da shi kusa da Allah, ba ta shafe abin da hannunsa ya shuka ba. Duk mai wa'azin da ya ce maka da zarar ka tuba lissafi ya rufe, ka tambaye shi wane littafi yake karantawa.

Mu sauko daga fada mu shiga kasuwa. Amos ba ɗan malamai ba ne, makiyayi ne daga Tekowa, mai kula da itatuwan ɓaure, a ƙarni na 8 kafin Almasihu, zamanin Yerobowam na biyu. Lokacin wadata ne, ɗakin sujada na Betel cike yake da masu hadaya da mawaƙa. Amos ya dubi 'yan kasuwar da ke zaune cikin sujada suna ƙagara Asabar ta wuce su buɗe rumbu, su rage mudu, su murɗe ma'auni, su haɗa hatsi da ƙaiƙayi su sayar. Ya ce musu Allah ya gaji da waƙoƙinsu. Amaziya, firist na Betel, ya kai ƙararsa wurin sarki, ya kuma ce wa Amos ya tattara ya koma ƙasarsu ya nemi abincinsa can.

Da Amos zai ratsa kasuwar Tudun Wada ko ta Sabon Gari yau, ba zai nemi tafinta ba. Ya san tiyar da aka bubbuge gindinta, ya san buhun masara mai kyau a baki da ruɓaɓɓiya a ƙasa, ya san mai ɓoye hatsi da kaka yana jiran bazara ta gasa talaka. Algus ba shi da addini. A nan kuwa mu da maƙwabtanmu bakinmu ɗaya: yaron da ke karatun Ahalari a zaure ya san sharuɗɗan tuba, nadama da barin saɓo nan take da niyyar rashin komawa, malaminsa kuma zai ƙara masa cewa in haƙƙin mutum ne, sai an mayar. Annabi Ezekiyel, a sura ta 33, ya lissafa mayar da jingina da biyan abin da aka ƙwace cikin alamun mugun da ya juyo.

Wani zai ce, to, in na yi biyayya, me zan samu? Tarihin garin nan yana da amsa, kuma ba irin wadda ake so a ji ba ce. A 1905 Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna a birnin Zariya. A 1913 wasu daga zuriyar Isawa suka zo wurinsa, wato mabiyan Malam Ibrahim, malamin da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa. Suka karɓi bishara, suka bar garuruwansu, suka kafa ƙauyen masu bi a Gimi. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya shiga ƙauyen ya yi ta ɗiba, har aka watse. Biyayya ba ta saya musu tsawon rai ba. Amma waɗanda suka tsira ba su yi irin ta Zadakiya ba. Suna cikin waɗanda suka raya Wusasa bayan da mishan ya koma can a 1929, shekarar da aka gina cocin Saint Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa. A 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, aikin da Miller ya ba da ƙarfinsa a kai. Daga zuriyar nan Farfesa Ishaya Audu ya fito, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Kusanci da Allah ba ciniki ba ne. Irmiya kansa ladan biyayyarsa duka ne da turu da rijiya mai laka.

Yanzu ga magana mai nauyi, wadda ba zai yiwu a yi sharhin tuba daga Gyallesu a tsallake ta ba. Daga 12 zuwa 14 ga Disamba 2015, bayan tare hanyar ayarin babban hafsan sojan ƙasa, sojoji suka far wa mabiyan Shaikh Ibrahim Zakzaky a cibiyarsu ta Husainiyya da gidansa na unguwar nan. Hukumar bincike da gwamnatin Kaduna ta kafa ƙarƙashin Mai shari'a Muhammad Lawal Garba ta ji shaida daga bakin jami'in gwamnati cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya. Rahotonta na 2016 ya ce sojoji sun wuce gona da iri, ya nemi a gurfanar da masu hannu, ya kuma ɗora wa ƙungiyar malamin nata laifin na ƙin bin doka. Soja ɗaya ma ya rasa ransa. A Yulin 2021 kotu a Kaduna ta sallami malamin da matarsa. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam irin su Amnesty International sun yi ta kokawa cewa ba a hukunta kowa kan kisan ba.

Wannan fili ba kotu ba ne. Abin da nake gani kawai shi ne, kowane ɓangare a garin nan ya haddace laifin ɗan'uwansa kamar karatu, nasa kuwa ko baƙi ɗaya bai riƙe ba. Mu Kirista muna tuna Maris na 1987, lokacin da rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya iso Zariya aka ƙone coci-coci, kuma muna da gaskiyar tunawa. Amma mu nawa ne muka ji labarin ramin nan muka ce ba ruwanmu, su ƙarata can? Mu nawa ne ma, a can cikin zuciya, muka ce Allah ya ƙara?

Wannan ita ce cutar Annabi Yunusa. An aike shi Nineba, babban birnin Assuriyawa, abokan gaban mutanensa, wanda kufansa ke daura da Mosul a Iraƙi ta yau. Ya gangara Yafa ya shiga jirgin Tarshish, wato ya ba aiken baya. Kowa ya san zancen kifi. Abin da ake mantawa shi ne dalilin gudun, wanda shi da bakinsa ya faɗa daga baya: ba tsoro ba ne, ya san Allah mai jinƙai ne, yana gudun kada mutanen nan su tuba a yafe musu. Suka kuwa tuba. Sarkinsu ya sauka daga gado ya zauna cikin toka, ya ba da umurni a yi azumi, kowa ya saki zaluncin da ke hannunsa. Birni mai mutum fiye da 120,000 ya tsira, annabi ya koma gefe yana fushi har yana roƙon mutuwa. Ƙafarsa ta je inda aka aike ta, zuciyarsa tana jirgin Tarshish. A duk littafin, wanda ya fi kowa nisa da zuciyar Allah shi ne mai wa'azin.

Ga wanda kuma yake sauraro yana tambayar ta ina zai fara, Attaura ba ta bar abin a dunƙule ba. Littafin Firistoci sura ta 6 da Littafin Ƙidaya sura ta 5 sun yi zancen wanda ya ci amana, ko ya ƙwace, ko ya tsinci abu ya yi rantsuwa bai gani ba. Zai furta laifinsa, ya mayar da abin cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, sannan ya kawo ragon hadaya. In mai haƙƙin ya rasu, a kai wa danginsa. Sai in ba dangi ko ɗaya ne abin zai tafi hannun firist. Maigidan hayar da ya danne wa ɗalibi naira 10,000, naira 12,000 zai nemo, ya kuma nemo lambar yaron kafin Jibin Ubangiji mai zuwa.