Daga cittar Kachia zuwa ɓawon lemu: rigakafin da ba ya buƙatar biliyoyi

Annobar fumfunar da ta afka wa gonakin citta a Kachia, Kagarko da Jaba a shekarar 2023 ta nuna irin ɓarnar da ƙwayar da ido ba ya gani kan yi wa arzikin yanki guda. Sai da aikin gama ya gama Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin yaƙi da cutar a 2024. Akwai kuma wata asarar da ba a kafa wa kwamiti: lemun Binuwai da ke ruɓewa a kasuwannin Kafanchan da Kachia kafin ya kai hannun mai saye.

Koriyar fumfunar lemu, wadda masana ke kira Penicillium digitatum, ba ta iya huda lafiyayyen ɓawo. Sai ta sami rauni take shiga. Shi kuwa ɓawon yana da nasa makaman. Idan ya ji ciwo, yakan samar da sinadarin scoparone mai hana fumfuna yaɗuwa, ya kuma toshe raunin da wani abu mai tauri. Bincike ya tabbatar cewa ajiye lemu a wuri mai ɗumi da laima na kwana 2 zuwa 3, ko tsoma shi cikin ruwa mai zafin digiri 52 zuwa 53 na minti 2 zuwa 3, yana ƙarfafa wannan kariya. Magungunan feshi irin su imazalil kuwa, fumfunar ta fara jure musu a ƙasashe da dama.

Ke nan matsalar tana farawa ne tun daga gona. Lemun da aka kaɗo da sanda, aka jibge a bayan mota ba kwando, ya riga ya yi raunin da ɓawonsa ba zai iya warkarwa ba.

A nan ne Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Aikace-aikace da aka kafa a Kachia a 2025 take da abin yi. Idan ta haɗa kai da Cibiyar Binciken Adana Amfanin Gona da ke Ilori, za ta iya gwada waɗannan dabaru a yanayinmu, ta miƙa su ga malaman gona da dillalai. Masu tsara kasafin ma'aikatar noma su lura: kuɗin kwanduna da horaswa bai kai na tallafin bayan annoba ba. Rigakafi, in ji Bahaushe, ya fi magani.